Yadda Ake Haɗa Katun ɗin Barkwanci na Mutum Mai Zuciya Biyu

Babu Bahaushen da bai taɓa furta ta ko ya ji an furta ba: "Wata zuciyar ta ce in ɗauka, wata zuciyar ta ce in bari." A kan wannan magana na gina yawancin katun ɗin da na yi a ɗan ɗakina na Tudun Wada a Kaduna, kuma har yau ban tatse ta ba. Mutum ɗaya ne, bawan Allah, shi ba waliyyi ba shi ba ɗan fashi ba, zukata biyu sun sa shi a tsakiya kowace tana ja. A nan katun ya fi fim ɗin 'yan wasa: zuciyar da ba a gani, kai sai ka zana ta, ka ɗaura mata ɗankwali, ka zaunar da ita a kan keken ɗinki.

Fim ɗin minti uku za mu haɗa. Kar ka raina minti uku. Fim ɗin silima hoto 24 yake nunawa a kowane sakan. Masu katun sukan bar zane ɗaya ya tsaya na hoto biyu, ya zama zane 12 a sakan. Minti uku sakan 180 ne, ka ninka da 12, ka sami zane 2,160. Wanda ya ce zai fara da fim ɗin awa guda bai yi wannan lissafin ba. A ƙasa zan nuna maka dabarun da ke rage wannan adadi ya dawo abin da mutum ɗaya zai iya.

Kayan aiki

Waya mai Android wadda ba ta cika da hotunan biki ba, ko laftof. A waya, FlipaClip ce manhajar da na fi ba mai koyo shawara ya fara da ita. Ta kyautar tana taƙaita wasu abubuwa kuma tana manna tambarinta a jikin bidiyo, amma ta isa koyo. A laftof akwai Krita, akwai Pencil2D mai sauƙi, akwai OpenToonz da aka sake ta kyauta tun 2016. Blender ma kyauta ce, sai dai ka bar ta tukuna, tana da zurfi, kuma ƙaramar laftof tana nishi da ita.

Alƙalamin zane na waya, ko allon zane irin na Wacom, Huion ko XP-Pen da ake jona wa laftof. Ka zaga shagunan kayan kwamfuta na kan titin Ahmadu Bello ka taya, ƙarami ya wadatar. In babu, yatsanka ya isa. Katun biyu na fara yi da yatsa.

Audacity don gyaran murya, CapCut ko Kdenlive don haɗawa a ƙarshe. Iyafis mai kyau. Fawa banki. Filas na kwamfuta ko katin memori na ajiya. Littafin rubutu, farar takarda, fensir. Bargo mai kauri da safa ɗaya wankakkiya, za ka ga amfaninsu. Sai mutum biyu ko uku masu murya, waɗanda ba sa jin kunya.

1. Nemo mutumin da ɗan ƙaramin laifinsa

Kuskuren farko na masu farawa shi ne girman jarrabawa. Sai su ce an ba mutum miliyan ɗari ya kashe wani. Wannan ba ya ba da dariya, don babu mai kallo da ya taɓa tsayawa a wurin. Nemo laifin da kowa ya taɓa leƙawa: canjin da mai shago ya ba ka ya yi yawa, kuɗin da aka turo wa mai POS bisa kuskure, naman miya da aka bar ka gadi.

Misalin da zan riƙe har ƙarshe shi ne Ɗanlami tela, mai ɗan shago a Kasuwar Barci. Saura kwana uku Sallah. Wani Alhaji ya kawo shadda yadi biyar a yi masa kaftani da wando. Ɗanlami ya auna, ya ga in aka matsa, huɗu za su yi. Ga ɗansa Sani ba shi da kayan Sallah. Yadi ɗaya ke nan. Duk fim ɗin a kan yadi ɗayan nan yake.

Ka lura da abin da ya sa misalin yake aiki: muna tausayinsa, mun kuma san ba daidai ba ne. In mai kallo bai ji duka biyun ba, sake lale.

2. Gina zukatan biyu

A nan nake so ka zauna da kyau, don a nan fim yake tashi ko ya faɗi.

A katun ɗin Turawa za ka ga ɗan mala'ika a kafaɗar dama, ɗan shaiɗan mai ƙaho a ta hagu. Kar ka kwafo wannan. Mutanenmu ba su yarda a zana mala'ika ba, balle a mai da shi abin dariya, kuma Kaduna gari ne da Musulmi da Kirista za su kalli aikinka a waya ɗaya. Wanda ke Kawo zai tura wa abokinsa na Sabon Tasha. Ba ka buƙatar jawo wa kanka magana. Harshenmu ya riga ya ba ka abin da ya fi wancan: zuciya biyu, dukansu na mutumin ne, daga cikinsa suka fito. Saboda haka ka ba su wani abu na kamanninsa. In Ɗanlami yana da wushirya, su ma su samu.

Nawa sunansu Ɗan Zuga da Inna Bari. Ɗan Zuga ɗan gaye ne, hula a karkace, ga turare, ga ladabi. Ba ya taɓa cewa "yi sata." Cewa yake, "Maigida, wa ya ce sata? Ragowa ce. Ragowar yadi ai ladan almakashi ce tun kaka da kakanni." Dole hujjarsa ta yi daɗi har mai kallo ya ɗan gyaɗa kai kafin ya farga. Ka tuna Gizo na tatsuniya: duk mun san maƙaryaci ne, amma shi muke jira ya buɗe baki. Mugun da ya fito da jan ido da ƙaho ba ya ruɗin kowa.

Inna Bari kuwa gaskiya take faɗa, amma ka ba ta aibi, in ba haka ba fim ɗinka ya koma wa'azi da zane. Tawa tana da aibi uku: kullum a makare take zuwa, in ta fara nasiha sai ta ɓace cikin labarin wani biki da aka yi a Zariya, kuma tana son tsire. Akwai inda Ɗan Zuga ya miƙa mata tsinke ɗaya ta yi shiru na sakan biyar, tana tauna, Ɗanlami yana kallonta yana jiran ceto. Wannan wurin ya fi ko'ina samun dariya duk inda na nuna shi.

Gargaɗi biyu. Kar ka yi wa ta kirki farar fata ka yi wa muguwar baƙa, ko da muna cewa farar zuciya da baƙar zuciya. Yara ne za su kalla, kuma suna ɗaukar darasin da ba ka yi niyya ba. Bambanta su da siffa: ita dunƙulalliya kamar tulu, shi siriri mai tsini kamar allura. Na biyu, kar ka ba mugun harshen wata ƙabila ko karin maganar wani gari. Dariyar arha ce, kuma tana da tsada daga baya.

Sai babban abu: mutumin tsakiya shi ne fim ɗin. Zukatan suna surutu, amma fuskar Ɗanlami muke kallo, yadda hannunsa yake kai wa almakashi yana dawowa. Kuma shi kaɗai yake ganinsu. In kwastoma ya shigo ya tarar da shi yana yi wa iska tsawa, "Ke Inna, ki bar ni in ji da abin da ya dame ni!", ka sami dariya kyauta.

3. Rubuta shi, a gajarce

Shafi uku, kusan shafi ɗaya ga kowane minti. Ni ba na wuce kalma 300 na magana a minti uku, sauran lokacin na shiru ne da motsi. Ka raba shi huɗu: jarrabawa ta zo, ja-in-ja, ya yanke hukunci, sakamako.

Ga ɗan guntu daga nawa don ka ji nauyinsa:

ALHAJI: Malam Ɗanlami, yadi biyar ne, zai isa ko?
ƊANLAMI: Ranka ya daɗe… (ya dubi tef, ya dubi shadda)
ƊAN ZUGA: (ya leƙo daga aljihu) Ce masa da ƙyar.
ƊANLAMI: Da ƙyar, Alhaji. Amma za mu lallaɓa.
INNA BARI: (ta faɗo daga cikin kwandon ƙyalle, tana gyara ɗankwali) Salamu alaikum. An fara ne?

Karanta rubutunka da ƙarfi. Duk jimlar da bakinka ya yi tuntuɓe a kanta, ta littafi ce, ba ta kasuwa ba, canza ta.

Ƙarshen labari kuma kar ka sa kowa ya tsaya ya bayyana darasi. Nawa haka ya ƙare: Ɗanlami ya cire yadin, ya ɗinka wa Sani riga. Ranar Sallah, an sauko daga Idi ana gaisawa a bakin titi, sai ga Sani ya tsaya daf da Alhaji, shadda iri ɗaya, aiki iri ɗaya. Alhaji ya dubi yaron, ya dubi hannun kaftaninsa da ya tsaya a gwiwar hannu, ya dubi wandonsa da ya tsaya a ƙwauri, sannan ya ɗago ya dubi Ɗanlami. Ba wanda ya ce uffan. Ɗan Zuga ya sulale ya shige kwata. Ka lura na kai abin bakin titi bayan an idar; ba na sa barkwanci a cikin sahu.

4. Ɗauki murya kafin ka zana komai

Wannan darasi da hawaye na koye shi. Katun ɗina na farko na zana shi kaf, mako biyar, sannan na kira abokai su sa murya. Inda na bar sakan biyu, maganar ta ci huɗu. Inda baki yake motsi, an gama magana. Na zubar da fiye da rabin zanen. Murya ce ke ba zane lokaci, ba zane ke ba murya ba.

Wurin ɗauka: ɗaki mai katifa da labule da kaya, ba fankon ɗaki mai siminti da zai riƙa amsa kuwwa ba. In babu, ku lulluɓa da bargo ku da wayar. Za ku yi gumi, amma muryar za ta fito kamar ta gidan rediyo. Cikin mota a ajiye, gilasai a rufe, shi ma yana yi. Ka kashe fanka. Ka sa wayar a yanayin jirgin sama don kar kira ya katse. Ka sa mata safa a wajen makirfo saboda iskar "f" da "b", ka riƙe ta kamar taƙi ɗaya daga baki, a ɗan karkace.

Lokaci ma abin dubawa ne. A unguwa irin tamu akwai janareton maƙwabci, akwai injin markaɗe, akwai masu tallan ruwa, akwai kiran salla da dole a dakata masa. Na fi samun shiru da hantsi bayan yara sun tafi makaranta, ko can dare. Da damina, musamman a watan Agusta, in rufin kwano ne, da an fara yayyafi ku tattara. Da hunturu kuma ka ajiye ruwan ɗumi kusa, maƙogwaro yana bushewa.

Kafin kowa ya yi magana, ɗauki sakan biyar na shirun ɗakin. Audacity za ta yi amfani da shi ta gane ƙarar da za ta rage. Amma kar ka matsa ragewar da yawa, murya takan koma kamar daga cikin randa.

In ka samu dama, tara masu muryar wuri ɗaya su yi wa juna, don katse magana da cacar baki ba sa fitowa in kowa ya yi nasa shi kaɗai. Kowane layi a yi shi sau uku: yadda aka rubuta, da sauri, sannan yadda mai muryar ya ga dama. Sau da yawa na ukun nake ɗauka. "Ladan almakashi" ma ba ni na rubuta ba, wanda ya yi Ɗan Zuga ne ya jefo ta. In kai kaɗai ne, yi duka muryoyin, ka ɗan ɗaga ta ɗaya ka sauke ta ɗaya a Audacity, kaɗan dai, kar su koma kamar ɓeraye. Amma Inna Bari ka nemi mace ta gaske, dattijuwa in da hali, namiji mai maƙale murya ba ya kama yadda take jan "Oh ni 'yasu." Ka roƙi izininta sarai cewa za a sa a intanet.

Ka jera layukan da ka zaɓa, ka bar gurbin shiru inda ake buƙata, ka fitar da shi a fayil ɗin sauti irin na WAV, 48,000 Hz. Rufe ido ka saurara. In bai ba ka dariya ido a rufe ba, zane ba zai cece shi ba.

5. Allon labari da ɗanyen fim

Ninke farar takarda ta ba ka gida shida. A kowane gida zana abin da kyamara za ta gani, da 'yan sanduna da da'ira kawai, kar ka tsaya ƙawa. Minti uku yakan ci mini gida 35 zuwa 45. Ka cakuɗa nisa: ɗaya a ga shago duka, ɗaya rabin jiki, ɗaya fuska kaɗai, ɗaya almakashi kaɗai.

Ɗauki hoton kowane gida da waya, ka jera su a CapCut a kan muryar. Ka sami ɗanyen fim. Nuna wa mutum biyu da ba su san labarin ba, kar ka yi musu bayani. Inda suka ce "wane ne wannan?" ko suka duba wayarsu, nan ne gyara. Gyara a nan minti goma ne. Bayan an zana, mako guda.

A nan kuma za ka yanke: kwance ko tsaye? YouTube kwance, 1920 da 1080. TikTok da sitatus tsaye, 1080 da 1920. Zaɓi ɗaya yanzu. Ga labarin zuciya biyu na fi son kwance, don akwai wurin da kowace za ta tsaya a gefensa.

6. Zana mutanen da wurin

Duk layin da ka ƙara a jikin mutum, sau ɗari za ka maimaita shi. Saboda haka hula ba sai da ɗinkin zanna bukar ɗinta duka ba, layi biyu sun isa. Atamfa mai fure-fure kuwa guje mata. Ba wa Inna Bari zane launi ɗaya. Ni na taɓa sa wa wata atamfa mai ganye, har yau in na ga irinta a kasuwa sai bayana ya amsa.

Yi wa kowane mutum takarda guda: gaba, gefe, tsaka-tsaki, da fuska biyar, wato murna, tsoro, fushi, kunya, da fuskar wanda yake lissafin ƙarya. Jera su ukun wuri ɗaya don tsawonsu ya tabbata. Gwaji mai sauƙi: cike kowannensu da baƙi gaba ɗaya kamar inuwa. In har ana gane waye waye, siffar ta yi.

Babbar riga da zane abokanka ne, suna rufe ƙafa, kuma tafiya ita ce mafi wahalar zanawa. Shi ya sa ma na zaɓi tela: a zaune yake yini.

Wurin kuma, je ka gani da idonka. Shiga Kasuwar Barci, gaida mai shago, nemi izini ka ɗauki hoto: kayan da aka rataye a igiya, ƙyallaye a ƙasa, dutsen guga na gawayi, allin da aka rubuta awo da shi a bango, rediyo a kan shantali. Waɗannan ne ke sa ɗan Kaduna ya ce "wallahi na san shagon nan." Amma kar ka kwafi allon sunan kowa ko fuskar kowa. Wuri uku sun isa: cikin shago, ƙofar shago, bakin titi. Launin bango ya zama mai sanyi, na mutane mai ƙarfi, don kar su nutse.

7. Motsi

Saita manhajarka a hoto 12 a sakan, ka shigo da muryar. Raba aikin leya-leya: bango a ƙasa, jiki a kansa, sannan kai, ido, baki, hannu. Sirrin rage zane 2,160 ke nan. In Ɗanlami yana magana a zaune, jikinsa zane ɗaya ne da zai tsaya sakan shida. Baki da ido kawai ke canzawa. Da wannan dabara nakan gama minti uku da sababbin zane ɗari uku zuwa ɗari huɗu, mafi yawansu ƙanana.

Kar ka fara daga zane na ɗaya ka bi a jere, mutumin zai riƙa ƙanƙancewa ba ka sani ba. Fara da manyan tsayuwa: hannu a kan cinya, hannu a kan almakashi. Ka ajiye kowace daidai inda murya ta buƙata. Sannan ka cike tsakaninsu da zane biyu ko uku. Kunna abin da manhajojin ke kira ɓawon albasa, wanda ke nuna maka inuwar zanen baya a ƙarƙashin wanda kake yi.

Abu huɗu ke sa motsi ya yi rai. Kafin babban motsi a yi ɗan ƙarami ta kishiyarsa: kafin Ɗan Zuga ya yi tsalle sai ya ɗan durƙusa. Abu mai taushi yana lotsewa in ya faɗo, yana miƙewa in ya tashi: Inna Bari ta faɗo kan tebur ta baje kamar ƙullin alkubus, sannan ta dawo daidai, girmanta dai kar ya canza. Zanen tsakani su matsu kusa da farko da ƙarshen motsi, su yi tazara a tsakiya, don hannu ba ya tafiya da gudu ɗaya kamar inji. Na huɗu, abin da ke reto yana makara: kai ya tsaya, bakin ɗankwali ya ƙara zane biyu kafin ya tsaya.

Ka bambanta tafiyar zukatan. Ɗan Zuga zane kaɗan, zaf-zaf, yanzu yana nan yanzu yana can. Inna Bari zane da yawa, a hankali, da nishi. Ko an kashe sauti a san halin kowa.

Abin da ke maimaituwa ka zana shi sau ɗaya ka yi ta juyawa: ƙafa a kan fedar keke zane huɗu, ƙifta ido zane uku, a jefa shi duk bayan sakan uku ko huɗu don kar fuska ta mutu.

Sai tsayawa cak. Masu koyo suna tsoron shiru, suna ganin kamar fim ya lalace. A barkwanci kuwa nan kuɗin yake. Kallon da Alhaji ya yi wa hannun rigarsa na bar shi sakan biyu cur, hoto 24 ba abin da ya motsa sai ƙwayar ido. Da na rage shi zuwa sakan ɗaya don gwaji, ba wanda ya yi dariya.

Ajiye aikinka duk bayan minti goma, kowane fage a fayil ɗinsa, kowane dare ka kwafa a filas. An taɓa ɗauke wuta batirin laftof ɗina ya mutu a tsakiyar ajiya, fayil ɗin ya ƙi buɗuwa, aikin kwana tara ya tafi. Tun daga ranar nake sa lamba: shago1, shago2, shago3, ba na danne tsohon.

In ba ka da waya mai ƙarfi ko laftof, takarda tana yi. Huda takardun duka wuri ɗaya da abin huda takarda, kafa ƙusa biyu a katako su riƙe su, ɗora a gilashin taga da rana don ka ga zanen ƙasa. Sannan kafe waya a sama, kar ta motsa, ka ɗauka ɗaya bayan ɗaya da manhajar Stop Motion Studio. Ko ka yanka mutanen da kwali, hannu daban kai daban, ka riƙa matsar da su kaɗan-kaɗan. Ga labarin tela har ƙyalle na gaske za ka iya manna musu.

8. Daidaita baki da magana

Baki shida sun ishi Hausa: a rufe, a wangame na "a", a shimfiɗe na "i" da "e", a zagaye na "u" da "o", haƙora a haɗe na "s", "z", "ts", "sh", "c", "j", da ɗan buɗe mai nuna harshe na "l", "r", "d", "ɗ", "t", "n". Jadawalin bakuna na Turawa yana da bakin da haƙori ke cizon leɓe don "f". Mu yawancinmu da leɓɓa biyu muke furta ta, saboda haka bakin "u" ko wanda ya kusa rufewa ya wadatar.

Kar ka bi harafi-harafi, baki zai riƙa karkarwa. Bi gaɓa. Abin da ido ke kamawa biyu ne: leɓe ya rufe a kan "m", "b", "ɓ", kuma ya buɗe sosai a kan dogon wasali. In Inna ta ce "Baaari!", rufe na hoto biyu, wangame na huɗu ko biyar, sannan shimfiɗe. Ka sa bakin ya riga sautin da hoto ɗaya, ya fi zama daidai a ido. In ka gaji, juya mai maganar ya ba da baya, ko ka nuna fuskar mai saurare. Sau da yawa ma ta fi ban dariya.

9. Ƙararraki, kiɗa da haɗawa

Fitar da kowane fage, ka jera su a CapCut ko Kdenlive. Ƙararrakin ka ɗauko su da kanka: karkarar keken ɗinki, ƙyas-ƙyas ɗin almakashi a kan shadda, hon ɗin Keke Napep, hayaniyar kasuwa daga nesa a can ƙasa-ƙasa.

Kar ka ɗora waƙar wani mawaƙi. Ban da haƙƙin mai ita, YouTube yana da na'urar da ke gano waƙa, sai a toshe bidiyon ko kuɗin tallan ya tafi wurin wani. Nemi mai kalangu ku yi ciniki ya buga maka minti biyar. Kalangu yana kwaikwayon karin magana, saboda haka ka ba Ɗan Zuga ɗan takensa da za a ji kafin ya bayyana. Zuwa karo na uku, kiɗan kaɗai zai sa a fara dariya. In babu makaɗi, bayan ƙwarya da cokali sun yi.

Murya ce sarki, kiɗa ya sauka ƙasa duk lokacin da ake magana. Saurara da iyafis, sannan da lasifikar ƙaramar waya, don da ita yawancin mutane za su ji. Sa rubutun magana a ƙasa, ka tabbatar ƙ, ɗ, ɓ sun fito da ƙugiyarsu. Wasu salon rubutun suna mai da su akwati. Fitar da shi a MP4.

10. Gwada shi a gaban mutane, sannan ka saki

Kai shi teburin mai shayi da daddare, ka miƙa wayar, ka koma gefe kana kallon fuskoki, ba allon ba. Kar ka tambayi "ya yi kyau?", kowa zai ce ma sha Allah. Ƙirga inda aka yi dariya da inda aka ɗauke kai. Nawa na kai wa telolin da na ɗauki hoton shagonsu. Ɗaya ya ce Ɗanlami ya riƙe almakashi kamar mai yankan farce, babban yatsa ba a nan yake shiga ba. Na koma na gyara zane bakwai. Wani dattijo a cikinsu bai yi dariya ba sam, har aka gama, sannan ya ce, "Yaro, wa ya gaya maka maganar ragowa?"

Wajen ɗorawa, YouTube zai tambaye ka ko don yara aka yi bidiyon. Kasancewarsa katun ba ya nufin na yara ne. Ka amsa bisa gaskiyar waɗanda ka yi domin su, ka kuma sani in ka ce na yara ne za a rufe wurin sharhi. A WhatsApp tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba za a matse shi layukan su dusashe. Sa sunanka a wani lungu na cikin hoton, misali a allon shagon Ɗanlami, inda mai yanke bidiyo ba zai iya cire shi ba.

Fayilolin Ɗan Zuga da Inna Bari kuwa, bakunansu shida da fuskokinsu biyar, ka adana su a babban fayil guda. Fim na biyu ba sai ka sake zana su ba: mai POS kawai za ka zana, da rumfarsa a bakin tashar jirgin ƙasa ta Rigasa, da alat ɗin da ya shigo wayarsa bisa kuskure.